Kwalbar Bama a Kan Gora

Ni ba masunci ba ne.
Ruwan da na sani na randa ne da na buta.
Tebur gare ni a bakin kasuwar Dadin Kowa:
rediyo, tocila, cajar da ta daina ci,
da gwangwanin kusoshi ƙanana kamar tsabar gero.

Gidado kuwa tun yana goye aka shiga jirgi da shi.
Sau uku ina ce masa, "Kawo gora in ɗaura maka wuta."
Sau uku yana dariya har hularsa ta karkace.
"Haske na korar karfasa, Manu,
yana tara sauro,
yana nuna wa ɓarawo inda na shimfiɗa kalli.
Kifi na ganina, ni ma ina ganinsa.
Saura wa?"

Sauran ya zo daren wata Laraba da babu farin wata:
jirgi mai inji daga ƙetare,
buhun shinkafa arba'in, babur biyu, da akuya,
da Barde riƙe da kan inji yana sauri.
Baƙin katako, bisa baƙin ruwa, cikin baƙin dare,
ko mujiya sai ta yi karo.
Gidado ya ji ƙara. Ya buga filafili a gefen jirgi,
ya yi ihu har muryarsa ta tsage.
Inji ba shi da kunne.

Ya kwana rungume da jarka,
dorina na huci can gefen ciyawa.
Da asuba aka tsamo shi, leɓɓansa sun yi fari,
kwalekwalen da ya gada wurin kawunsa
ya rabu biyu kamar goro.
Barde ya durƙusa a tudu yana rantsuwa,
"Wallahi ban gan shi ba."
Babu wanda ya musa.
Abin da ya fi ciwo ke nan, gaskiya ya faɗa.

Kwana tara, sai ga Gidado gaban teburina
da kwalbar bama, an wanke ta tas.
Ya ajiye. Bai ce komai ba.
Ni ma ban ce "ai na faɗa maka" ba,
ko da yake maganar ta zo har bakin haƙorina.

Na zare ƙwan tocila uku,
da batirin wayar da mai ita ya manta tun bara,
da ɗan allon sola, bai kai tafin hannu ba.
Fari a ƙolin gora.
Ja a hagu, da ledar alawa na rina shi,
kore a dama,
don mai tahowa ya san inda ka dosa.
Na naɗe murfi da robar tayar keke.

Ta farko ruwa ya shige ta a dare na biyu,
ya dawo yana zagin dalmata.
Ta biyu na toshe da danƙo, tana nan har yau.
Ladana tarwaɗa biyu kyafaffu,
ɗaya ma babu kai.

Har gobe yana cewa kamu ya ragu.
Wataƙila. Ban iya lissafin kifi ba.
Na dai san Dudu, matarsa,
tana fitowa bakin ruwa bayan lisha, zane a kafaɗa,
ta ƙirga wuta ashirin da uku,
ta tsaya a kan mai ƙyaftawa.
Wayar ce ban ɗaure da kyau ba.
Na ce a kawo in gyara, ta ce kar in taɓa,
da ita take gane shi.

Jiya na bi ta, na tsaya nesa da laka.
Duk tarkacen teburina ne a watse bisa dam,
suna lilo, fari da ja da kore.
Can nesa inji ya taso da ƙarfinsa,
sai na ji ya rage murya,
ya kauce.